Rijiyar guga, karjaka, donki ko hafir: wanne ya kamata a yi wa gari?

Kuɗin haƙa rijiya a garuruwanmu na Sudan yanzu ya fi zuwa daga ƙetaren Bahar Maliya. Ɗan gari yana aiki a Makka ko Jidda, ya tara riyal ɗinsa, Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa, yana son ya yi mata sadaka mai gudana, sai ya bugo wa wansa waya a Gadarif ko wani ƙauyen Sinnar: "Yaya, a nemo masu inji, a haƙa mai zurfi, a sa sola, kada a yi ƙaramin abu." Niyyar ba ta da abin kushewa. Sa'adu ɗan Ubada ma da mahaifiyarsa ta rasu, shayar da ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya da sunanta, kuma rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya yi waƙafi da ita tana nan a Madina har gobe. Tangarɗar tana wajen "mai zurfi". Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ya fi zurfi ya fi inganci, kuma inji ya fi igiya ko a ina. Wani wurin haka ne. Wani wurin kuwa, kuɗin da za a zuba a rami ɗaya zai gina rijiyoyin kankare da yawa, kuma su za a bari ana sha bayan injin ya zama tarkace.

Kafin a yi maganar inji, a tambayi abin da ke ƙarƙashin garin, don ƙasar da Hausawa suka bazu a kanta ba iri ɗaya ba ce. Waɗanda kakanninsu suka sauka Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun dace da bakin Shuɗin Nilu. Waɗanda noman lambu ya kai su Kasala sun dace da Gash, kogin da ke gangarowa daga duwatsun Iritiriya wajen watan Yuli, ya yi kamar wata uku yana gudu, sannan ya ƙafe. Ba ya isa teku, ƙasa ke shanye shi arewa da gari. Ruwan saman Kasala bai cika kai milimita 300 a shekara ba, amma dubi ayaba da mangwaro da lemo da albasar da ke sawagi, wato lambunan garin, duk daga yashi da tsakuwar da ke riƙe abin da Gash ya kawo. Irin wannan ruwan yana kusa, kuma kowace damina ana mayar masa da wani abu. Haka gefen Rahad da Dindir da manyan koramu suke.

Waɗanda aikin dawa da riɗi ya kai su filayen Gadarif kuwa, nasu labarin daban ne. Ruwan sama ya ninka na Kasala, wajen milimita 600, amma baƙar lakar nan mai tsagewa da rani tana kumbura da ruwan farko ta rufe bakinta, ba ta barin komai ya sauka. Ƙarƙashinta a wurare da yawa dutse ne, ruwa sai a tsaga, wani ma da zartsi. Shi ya sa gari kamar Gadarif, da babbar kasuwar amfanin gonarsa, ya daɗe yana jawo ruwan sha ta bututu daga Shuwak a kan kogin Atbara, kuma duk da haka masu karo, wato masu sayar da ruwa a amalanken jaki, ba su taɓa rasa ciniki ba. Sai na uku, dutsen yashin Nubiya, wanda Sudan ke tarayya a kansa da Masar da Libiya da Chadi. Ruwa ne mai yawa mai daɗi, amma galibinsa ya taru dubban shekarun da suka wuce, zamanin da hamada ke samun damina. Ruwan kusa kamar amfanin gona ne, ana ci ana sake nomawa. Wannan kuwa gado ne, ana ci yana raguwa.

Rijiyar hannu ta irin ƙasar farko ce, mai ruwan kusa, kuma ita na fi son in tsaya a kai, don ita aka fi rainawa. Yadda ake yin ta yanzu ba irin ta da ba ce da ake jera itace ko a bar bango tsirara. Ana zuba zoben kankare a waje, a ɗora na farko a bakin ramin, mahaƙi ya shiga ciki da diga da dagi yana ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin zoben, zoben yana sauka da nauyinsa, na sama suna ɗora wani a kai. Ƙasar ba ta samun damar ruftawa a kansa. In an kai ido, zoben ƙasa masu ƙananan huji ne, ana zuba tsakuwa a bayansu ta tace yashi. Mahaƙin da ya san aikinsa ba zai yarda ya gama rijiya da kaka ba. Zai ce maka, "Alhaji, a bari sai bazara." Gaskiyarsa ce. Rijiyar da aka tsaya da haƙarta a watan Oktoba tana yaudara, don lokacin ruwa yana sama. Wadda aka kai ƙasa a Afrilu ko Mayu, aka ƙara zobe biyu ko uku a cikin ruwan, ita ce ta ga mafi munin shekara tun ranar haihuwarta.

Abin da ta fi burtsatse da shi, na farko, faɗi ne. Rijiya mai faɗin mita ɗaya da rabi, kowace mita ta ruwan da ke tsaye a cikinta ta kai lita 1,770, kusan ganga 9. Bututun burtsatse mai inci 6 kuwa, mita ɗaya ta ruwansa ba ta cika jarka guda ba, lita 18 ce. A ƙasar da ruwa ke tsattsafowa a hankali, wannan bambancin shi ne komai. Rijiyar tana tara ruwa dare farai, da asuba mata su same ta a cike. Burtsatse a irin wannan ƙasar, minti kaɗan ya fara tari yana fitar da iska.

Na biyu, ba ta ɓoye halinta. Je ka bakin tsohuwar rijiya ka dubi itacen da aka gitta a bakinta, za ka ga igiya ta sassaƙa masa layuka masu zurfin yatsa. Duk matar da ke ɗiba a nan ta san rijiyar gaba nawa ce, ta san inda hannunta ke tsayawa a igiya da kaka da inda yake tsayawa da bazara. Ranar da aka fara ƙulla wa igiya ƙari, kafin azahar unguwa duka ta ji cewa ruwa ya sauka, masu shanu su fara rage zuwa, masu wanki su koma wani wuri. Ba wanda ya kira taro. Sannan abin da gari zai iya janyewa da guga a yini ɗaya yana da iyaka, damtse ne ke sa ta. Da wuya ka ga mutane sun ƙarar da ruwan ƙasa da wasaki. Fari ne ke ƙafar da irin wannan rijiyar, kamar na 1984, kuma in damina ta dawo ita ma ta dawo.

Aibinta ma ba ɓoyayye ba ne. Baki a buɗe, kowane gida da gugansa, a jawo ruwa a ajiye gugan a cikin caɓi inda jaki ya tsaya, a sake zura shi. A shekarun lafiya ana sha a ce ba komai. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, garuruwan gabas suka cika da 'yan gudun hijira daga Khartum da Madani da Sinja, aka haƙa masai ko ina, kwalara ta ɓulla a Gadarif a 2023, ta sake tashi daga Kasala a Agustan 2024. Ruwan kusa shi ne farkon wanda masai ke gurɓatawa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, kuma rijiyar ta kasance ta sama da gangare. A yashi mai sako-sako, ni zan ƙara a kan haka. Ga kuma haɗarin aikin. Iskar gindin rijiya takan mutu, shi ya sa masu yasa ke zura fitila kafin mutum ya sauka, in ta mutu ba mai shiga. Wani abin da ke kashe mutane yanzu shi ne a saukar da ɗan injin fetur cikin ramin don a janye ruwa a ci gaba da haƙa. Hayaƙin ba ya fita. Na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ceto ya faɗi. Inji a bakin rijiya yake zama, tiyo ne ke sauka.

Duk waɗannan suna da magani mai araha: katanga zuwa ƙugu, daɓen siminti kewaye da kwata mai kai ruwan zuba nesa, komin dabbobi can gefe, murfin kankare, sannan a dasa karjaka, wato famfon tuƙa-tuƙa, a kan murfin, a bar wata 'yar ƙofa mai kwaɗo. Kullum ana bugawa da famfo, ruwa a rufe. Ranar da famfon ya lalace a buɗe ƙofar a zura guga ɗaya na gari, kafin mai gyara ya iso. A duk inda ruwa bai wuce mita 20 zuwa 25 ba, ban san abin da ya fi wannan ba.

Karjaka a kan siririn burtsatse kuwa, wato famfon tuƙa-tuƙan nan samfurin India Mark II da hukumar ruwa da UNICEF suka baza a Kurdufan da duwatsun Nuba da Shuɗin Nilu tun shekarun 1980, tana da wurinta. Inda ƙasa dutse ce, ruwa yana cikin tsaga a mita 30 ko 40, mahaƙin hannu ba zai kai ba, inji zai huda a kwana biyu. Ruwanta ya fi tsabta don a rufe yake tun daga ƙasa. Tana ɗaga ruwa daga wajen mita 45 zuwa 50, bayan nan sai wahala. Yi lissafin da kanka: jarka ɗaya a minti 2, jarka 30 a awa, awa 10 jarka 300, wato lita 6,000. In kowa zai samu lita 20, mutum 300 ke nan. Ba ta garke ba ce, ba ta lambu ba ce, kuma garin mutum 2,000 da aka yi wa karjaka ɗaya an yi masa wurin faɗa ne. Ciwonta ƙananan abubuwa ne, robar fistin, sarƙa, ƙusa, bututun da zartsi ya ci. Amma in ta tsaya ta tsaya, ba inda za a zura guga. Ƙauyuka nawa ne ke da gawar karjaka a bakin hanya, yara na lilo da hannunta, don an rasa abin da kuɗinsa bai kai na tunkiya ba? In ruwan wurin yana cin ƙarfe, a nemi bututun roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa tun farko.

Yanzu ga wanda zuciyar mai sadaka ta fi so, donki: burtsatse mai zurfi, famfon nutso, tanki a sama, shinge, komaye, da malamin da ke zaune a ƙofa yana karɓar kuɗin jarka da na kan dabba. Inda ruwa yake a mita 80 ko 150, babu wata hanya sai shi, kuma babban gari ko mashayar dabbobi ba za su rayu da karjaka ba. Garin Al-Ubayyid da kansa yana shan ruwan rijiyoyin kwarin Bara da ke arewa da shi. Tsohon ciwon donki man inji ne. Yaƙin nan ya nuna shi ƙarara, hanya ta toshe, mai ya ɓace ko ya yi tsadar da ba a iya saye, injuna suka yi shiru, waɗanda aka mayar sola suka ci gaba da zuba. Don haka wanda ya ce a sa sola bai yi kuskure ba. Rana ba ta yanke wa Sudan. Abin lura kawai, a ɗaure faifan da walda a kan ƙarfe mai tsayi, a sa mai gadi, a riƙa share ƙura, kuma tankin ya isa ya ɗauki ruwan dare da na ranar hazo.

Amma akwai abin da sola ta zo da shi wanda ba a cika faɗa ba. Da, tsadar mai ce ke sa a kashe inji. Yanzu ba abin da ke sa a kashe shi. Rana ta fito famfo ya tashi, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa na malala. Wani ya ga ruwa na zuba banza ya ja shi zuwa ɗan fili ya shuka albasa. Baɗi fili ya zama faddan, maƙwabci ma ya ja nasa. Ga lissafin da ya kamata kowane kwamitin ruwa ya haddace. Garin mutum 1,000, kowa lita 20, lita 20,000 ke nan a yini, ganga 100. Shanu 500, kowace lita 30, lita 15,000. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, kuma da zafin bazara shuka na buƙatar ruwan da ya kai kaurin milimita 6 a kullum, wato lita 25,200, ban da wanda ke ɓacewa a lambatu. Faddan ɗaya na lambu ya fi mutum dubu sha. Faddan goma sun shanye ruwan gari mai mutum dubu goma sha biyu. Shan mutane da na dabbobi ba safai yake ƙarar da ruwan ƙasa ba. Ban ruwa ne ke yi.

Kasala ta riga ta ga haka. Sawagi sun samo sunansu daga sagiyar da shanu ke juyawa, wadda ƙarfin sa ke iyakance ta. Da injin dizal ya zo, sannan na lantarki, lambuna suka faɗaɗa, ruwan ƙasa ya yi ta sauka, rijiyoyi suka yi ta bin sa. Kuma ba kowa ke faɗuwa lokaci ɗaya ba. Famfo mai ƙarfi yana jan ruwan kewayensa ƙasa, rijiyar gugan da ke kusa ita ke fara ƙafewa. Mai hali ya zurfafa tasa, marar hali ya koma sayen ruwa a wajen wanda ya ƙafar masa da rijiya. Wanda ke shirin sadaka ya tsaya a nan ya yi tunani, don mai yiwuwa ne donkinsa ya kashe rijiyoyi biyar na unguwa, ya mayar da ruwan da ake ɗiba kyauta ya zama na kuɗi.

'Yan'uwanmu na Saudiyya ba sa buƙatar a ba su labari, a gabansu aka yi. A shekarun 1980 ƙasar ta ɗauki aniyar noma alkamarta da kanta, aka huda duwatsun Saƙ da Wajid, koren da'irori suka cika Ƙasim da Tabuka da Wadi Dawasir. Zuwa 1992 ana girbe wajen tan miliyan 4 a shekara, har ana sayar wa ƙasashen waje, alkamar hamada da ruwan da ba ya dawowa. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye hannu sannu a hankali, zuwa 2016 ta daina sayen alkamar gida, daga baya ta taƙaita noman ciyawar dabbobi ma. Idanun ruwan Al-Ahsa da suka shekara aru-aru suna ɓulɓula da kansu, yawancinsu yanzu sai da inji. Saudiyya tana da kuɗin da za ta juya ga teku, Makka na shan ruwan da ake tacewa a Shu'aiba. Ƙauyen Butana a gabashin Sudan ba shi da teku, ba shi da riyal. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Kuma ga abin da mai cewa "mai zurfi" ya kamata ya tuna: Zamzam kanta zurfinta wajen mita 30 ne, kuma hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya tana da cibiya ta musamman da ke auna hawa da saukar ruwanta. In ana auna Zamzam, ban ga donkin da ya fi ƙarfin awo ba.

Akwai kuma abin da donki ke jawowa ta sama. Tun shirin yaƙi da ƙishirwa na shekarun 1960 da 1970, da aka baza dawanki (jam'in donki) a Kurdufan da Darfur, an ga yadda ruwan dindindin ke tsayar da garken da a da wucewa yake yi. Ciyawar kewaye ta ƙare, ƙasa ta zama fako, dabbobi su fara leƙa gonaki. Donkin da aka dasa kusa da burtali ba tare da an zauna da makiyaya da manoma ba, rigima aka dasa.

Hafir ba rijiya ba ce, amma a baƙar laka ita ce amsar da ƙasar ta bayar tun kafin mu zo. Babban hafirin Musawwarat tun zamanin daular Marawi yake. Lakar da ta hana ruwa sauka ita ce ke riƙe shi in an haƙa mata tafki a bakin korama. Bai taɓa ruwan ƙasa ba sam, abin da damina ta kawo shi ake sha. Maƙiyansa uku ne. Rana tana shan abin da ya kai mita 2 a shekara daga duk ruwan da ke buɗe, saboda haka hafir mai zurfi marar faɗi ya fi mai faɗi marar zurfi, ko da girmansu ɗaya. Laka tana cike shi in ba a yi masa ramin tare ta a mashiga ba, ba a kuma yashe shi. Sai ƙazanta. Duk wanda ya ga hafir marar shinge a watan Maris ya san abin da nake nufi, ruwa ya koma kore, shanu tsaye a ciki har gwiwa, mai karo ya ja jakinsa gefe yana cika ganga da bokiti, yara na wanka, tsargiya na jiransu. Hafirin da ya cancanci kuɗin sadaka shi ne mai shinge, mai bututun fitarwa zuwa matatar yashi, mutane su ɗiba a famfo, dabbobi a komi, ana sa kilorin. Kuma shekarar da damina ta gaza, ya gaza tare da ita. (Mutanen yammacin Kurdufan sun bi wata dabarar: su rarake cikin kuka su cika ta da ruwan damina, kowace bishiya da gidan da ya gaje ta. Wajen Nuhud har yanzu akwai su.)

To wanne? In garinku yana bakin kogi ko korama mai yashi, ruwa bai wuce zurfin mita 25 ba, ku yi rijiyoyin kankare masu murfi da karjaka, biyu ko uku a unguwanni daban daban, kada ku yi donki ɗaya a tsakiya. Madatsar Arba'at da ta fashe a Agustan 2024 ta nuna wa Bur Sudan abin da ke faruwa ga wanda ya jingina da mashaya ɗaya. In kuɗi ya ragu, a gina ɗan shingen dutse da siminti a gitta koramar, yashi ya taru a bayansa ya riƙe ruwa, rijiyoyin gefe su ƙara wata biyu ko uku kafin su ja baya. In ƙasar dutse ce kuma mutane ba su wuce ɗaruruwa ba, karjaka, amma a horar da mutum biyu na gari a bar musu akwatin kayan gyara. In baƙar laka ce, ku gyara hafir tukuna, burtsatse sai in awo ya nuna akwai ruwa mai daɗi. In ruwa yana can nesa a dutsen yashi kuma garin babba ne, donki mai sola, ba musu. Sai dai a mayar masa da abubuwa biyun da inji ya ƙwace wa rijiya, wato iyaka da gani. Iyaka: na'urar da ke kashe famfo in tanki ya cika, famfo daidai buƙatar gari ba mafi girman da kuɗi zai saya ba, da yarjejeniya a gaban sarki da liman cewa ruwan na sha ne da dabbobi, lambu sai ɗan na kayan miya a bakin kwata. Da gani: agogon ruwa a bututu, siririn bututun awo a gefen famfon, wani ya riƙa zura igiya mai alama farkon kowane wata yana rubutawa a littafi. In shekara uku a jere awon bazara yana sauka kuma damina ba ta mayar da shi, an fi ƙarfin wurin.

Kada a ce ruwan kyauta ne gaba ɗaya. Na san mai sadaka ba ya son ya ji ana karɓar kuɗi a kan abin da ya yi don Allah, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan abin da ake karɓa a jarka shi ne robar fistin ta baɗi da albashin mai gadi. Marayu da gajiyayyu a yafe musu, masu garke su biya. Shi kuma mai bayarwa ya ware wani kaso tun farko ya ajiye don gyara, kuma ya fi kyau a ajiye shi a kayan gyara ko a riyal, ganin yadda kuɗin ƙasar ke narkewa. Mata su shiga kwamitin, su ne ke fara sanin ranar da ɗanɗanon ruwa ya sauya.

Wajen ɗan kwangila kuma, wan da ke gida shi ne idon ƙanensa. Kada inji ya shigo kafin a auna ƙasa da na'ura a kuma tambayi tsofaffin mahaƙa, don sun san inda aka taɓa samun zartsi da inda aka haƙa aka tashi a tutar babu. A rubuta tun farko wa zai ɗauki asara in rami ya fito busasshe. Wanda ake biya a kan kowace mita yana da dalilin wuce ruwa mai kyau ya ci gaba da huda, saboda haka wani ya tsaya a wurin yana ganin ƙasar da ke fitowa, yana ƙirga bututun da ake zurawa. A ga an zuba tsakuwa kewaye da matacin, an toshe saman ramin da siminti don kada ruwan sama ya bi gefen bututu ya sauka. A kunna famfo kwana ɗaya cur a ga nawa ruwan ya sauka da yadda ya dawo, da wannan ake zaɓar girman famfo. A kai ruwan ɗakin gwaji a duba gishiri da sauran abin da harshe ba ya ji. A karɓi takardar da ke nuna zurfi, da inda matacin yake, da inda ruwa ya tsaya, a ajiye kwafi a wajen liman, a ɗauki hoto a tura Makka. Kason ƙarshe na kuɗin kwangila kuma kada a biya shi sai rijiyar ta wuce watan Mayu tana ba da ruwa.